Sabon Ado Ko Toshe Ɓaraka: Sharhi A Kan Fitar Da Sababbin Bugun Jenkins Da TeamCity

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan yadda ake fitar da sababbin bugu na wani rukunin manhajar kwamfuta, watau wadda ke harhaɗa aikin masu rubuta manhaja, ta gwada shi, sa'an nan ta tura shi ga masu amfani ba tare da jiran hannun mutum ba. Duk lokacin da ma'aikaci ya sauya wani abu a cikin rubutun umarni, ita ce za ta haɗa nasa da na abokan aikinsa, ta bi gwaje-gwajen da aka tsara, in ba ta ga kuskure ba ta miƙa shi gaba. Nau'in da za mu duba shi ne wanda ma'aikata kan ɗora a kan kwamfutarta, ta riƙa kula da shi da kanta, maimakon ta yi hayar hidimar a wurin wani kamfani. Misalanmu biyu ne: Jenkins da TeamCity.

Abin da muke son tabbatarwa shi ne, darajar sabon bugu tana ga yadda ya taimaki mai kula da manhajar ya toshe ɓaraka a kan lokaci. Sababbin abubuwan da ake ƙawata sanarwa da su suna bayan wannan. Dalili kuwa, a cikin irin wannan manhaja ake ajiye kalmomin sirri da makullan shiga sauran kwamfutocin ma'aikata. Wanda ya kutsa cikinta yana iya cusa mugun abu a cikin kayan da za a tura wa dubban mutane.

2.0 Tsarin Jenkins

Kohsuke Kawaguchi ne ya fara rubuta wannan manhaja da sunan Hudson, lokacin da yake aiki a kamfanin Sun Microsystems. Bayan da Oracle ya sayi Sun a 2010, saɓani ya taso a kan mallakar sunan, har masu aikin suka koma kiranta Jenkins a 2011. A 2016 bugu na 2.0 ya fito da sauyin da ya cancanci yabo, watau rubuta matakan aiki duka a cikin fayil guda mai suna Jenkinsfile, wanda ake ajiyewa tare da rubutun umarni. Amfanin wannan shi ne ana iya sanin wanda ya sauya mataki da ranar da ya sauya shi.

Jenkins tana fitar da bugu iri biyu. Akwai na mako-mako, akwai kuma na dogon zango, wanda ake zaɓen tushensa bayan kowane mako 12, ana kuma yi masa gyare-gyare bayan kowane mako 4. Wannan tsari ya yi hikima, domin ya raba mai son sabon abu da mai son kwanciyar hankali. Inda tsarin ya raunana shi ne wajen ƙananan manhajojin da ake maƙala mata, waɗanda yawansu ya haura 1,800. Kowace da mai kula da ita, wasu kuma an yi watsi da su. Shi ya sa a wasu sanarwoyin tsaro akan lissafa waɗanda aka gano ɓarakarsu amma babu gyara tukuna.

3.0 Ɓarakar Janairun 2024

A ranar 24 ga Janairu, 2024, masu kula da Jenkins suka sanar da ɓarakar da aka yi wa lamba CVE-2024-23897. Asalinta abin lura ne ƙwarai. Jenkins tana amfani da wani ɓangare mai suna args4j wajen karanta umarnin da aka aiko mata. Wannan ɓangare yana da wata dabarar sauƙaƙa aiki: in ya ga alamar @ tare da sunan fayil, sai ya ɗauko abin da ke cikin fayil ɗin ya sa a gurbinsu. Ashe wannan sauƙi shi ne ƙofa. Mai izinin karatu kawai yana iya karance fayil gaba ɗaya, wanda ba shi da izini ko kaɗan ma yana iya ganin layukan farko. Gyaran da aka yi a bugu na 2.442 da na 2.426.3 bai wuce kashe dabarar ba.

Sanarwar ta yi abin da ya kamata. Ta faɗi bugun da abin ya shafa, ta bayyana iyakar haɗarin, ta kuma ba wanda ba zai iya sabuntawa nan take ba mafita, watau ya rufe hanyar aiko da umarnin. Duk da haka, a ƙarshen watan ƙungiyar Shadowserver ta ƙirga kwamfutoci kusan 45,000 a intanet da ba a gyara ba, kuma a Agustan 2024 hukumar tsaron intanet ta Amurka ta sa ɓarakar cikin jerin waɗanda ake kai hari da su. Ke nan wata bakwai bayan gyara, bangon yana nan a tsage a wurare da yawa, ƙadangaru kuma suna shiga.

4.0 Rikicin TeamCity

TeamCity ta kamfanin JetBrains ce. A farkon Maris, 2024, kamfanin ya fitar da bugu na 2023.11.4 don toshe ɓaraka biyu da masu binciken Rapid7 suka gano, wadda ta fi muni a cikinsu tana ba baƙo damar zama mai cikakken iko ba tare da kalmar sirri ba. JetBrains ya so a jinkirta cikakken bayani har abokan cinikinsa su sabunta. Rapid7 kuwa ya ga cewa gyara a ɓoye cuta ne, domin maharin da ya ƙware zai kwatanta tsohon bugu da sabo ya gano ƙofar, alhali mai kula bai san akwai gaggawa ba. Sai ya buga bayanin dalla-dalla, hare-hare kuma suka biyo baya cikin 'yan kwanaki.

A ganinmu kowane ɓangare yana da rabonsa na gaskiya da na laifi. Ɓoye girman haɗari yana sa mai kula ya ɗage aikin zuwa wani mako. Bayyana yadda ake kai harin tun mutane ba su farga ba kuwa tamkar miƙa wa ɓarawo makulli ne. Abin da ya dace shi ne a faɗi girman haɗarin ƙarara a ranar farko, a ɗan jinkirta bayanin yadda ake kutsen. JetBrains ya cancanci yabo a kan abu guda: ya fitar da ƙaramin gyara na daban domin masu tsofaffin bugu. Lalle a lura kuma, waɗanda ke hayar hidimar a wurin kamfanin an riga an gyara musu. Masu ajiye ta a gida ne aka bari da nauyin.

5.0 Abin Da Ke Hana Sabuntawa

Ba kullum sakaci ne ke hana mai kula sabuntawa ba. Alal misali, bugun dogon zango na Jenkins mai lamba 2.479.1, na Oktoban 2024, ya wajabta Java 17 ko sama da haka a kan babbar kwamfuta da ƙananan da ke yi mata aiki. Ma'aikatar da ta daɗe ba ta sabunta ba, ranar da ɓaraka ta ɓulla sai ta tarar gyaran yana bayan sauye-sauye da dama waɗanda ba ta shirya musu ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, muna ba da shawara uku. Na farko, masu fitar da bugu su sa gyaran tsaro da sauyin da zai iya karya tsohon aiki a saman sanarwa, kafin sababbin abubuwa. Na biyu, duk dabarar sauƙaƙa aiki da ba kowa ke bukata ba ta zo a kashe, mai so ya kunna. Na uku, ga malaman da ke koyar da ilmin kwamfuta, ya kamata karanta sanarwar bugu da gwada sabuntawa su shiga cikin manhajar karatu, domin ɗalibin da ya iya ɗora Jenkins amma bai iya kula da ita ba, rabin aikin kawai ya koya.