Sabulun Auri da Bashin Littafi na Uku

A ƙarshen watan Oktoba na 2014 kamfanin ɗab'i na DAW da ke Amurka ya fitar da wani siririn littafi na Patrick Rothfuss mai suna The Slow Regard of Silent Things. Duk wanda ya buɗe shi, tun kafin ya kai ga labari zai ci karo da gargaɗi daga marubucin, yana ba shi shawara ya yi tunani kafin ya fitar da kuɗinsa. Ya faɗa ƙarara cewa labarin baƙo ne, bai yin abubuwan da aka saba labari yana yi, kuma wanda ya zo neman cigaban tarihin Kvothe ya yi ɓatan kai. Gargaɗin bai hana a saya ba, bai kuma hana rigima ba. Masu karatu suka rabu gida biyu, rabuwar da har yau ba ta ɗinke ba, kuma rabuwar nan tana nuna abin da masu son labaran al'ajabi suke ganin marubuci ya ci bashinsu a kai.

Ba za a gane zafin da aka yi ba sai an san abin da ke wuyan mutumin. A 2007 ya fitar da The Name of the Wind, labarin Kvothe, maraya ɗan ayarin makaɗa masu yawo, wanda ya shiga Jami'a ya koyi sihiri, ya yi suna, daga baya ya ɓoye a wani ƙauye yana riƙe da masauki. Wani marubucin tarihi ya gano shi, shi kuma ya yarda zai ba da labarinsa cikin kwana uku, kowace rana littafi guda. Rana ta biyu, The Wise Man's Fear, ta fito a 2011, ta hau saman jerin littattafan da suka fi ciniki na jaridar New York Times. Saura ta uku, The Doors of Stone. Wanda ya yi zamanin hayar littattafan Hausa a Kano ya san wannan hali: ka gama na ɗaya da na biyu, an tsaya maka daidai inda ranka ya rataya, kana ta sintiri wurin mai shago kana tambayar na uku. Ana cikin wannan jira ne aka miƙo wa mutane littafin da Kvothe bai ko leƙo cikinsa ba.

Wadda ke ciki ita ce Auri. A manyan littattafan nan biyu, 'yar siririyar yarinya ce mai tsoron mutane, tana zaune a tsofaffin ɗakuna da ramuka da hanyoyin ruwa na ƙarƙashin Jami'a, takan hau rufin gini da dare ta saurari kiɗan molon Kvothe, su yi musayar ƙananan kyaututtuka. Shi ne ya raɗa mata sunan. Kullum fargabarsa kada a gano ta a kai ta gidan da Jami'a ke tsare ɗaliban da karatu ya taɓa musu kai. A sabon littafin, ta farka da sanin cewa saura kwana bakwai ya zo, kuma dole ta tanadar masa kyauta. Iyakar ƙashin bayan labarin ke nan. Babu abokin gaba, babu tafiya mai nisa, babu hira tsakanin mutum biyu. Sai ita da kayayyaki: wata 'yar fitilar alkimiyya da take kira Foxen, bargo, madubi, kwalabe, mabuɗi, da wani faifan tagulla mai haƙora wanda daga baya ta sa wa suna Fulcrum. Nate Taylor ya yi wa littafin zane-zane na baƙi da fari, Rothfuss kuma ya karanta shi da muryarsa a faifan sauraro.

Ƙorafin ɓangare na farko a bayyane yake: babu abin da ya faru. An sayar musu da shafi ɗari da 'yan kai na wata yarinya tana ɗauke abu daga nan tana ajiye shi can, tana wanke fuska da hannu da ƙafa, tana shafe shafuka wajen haɗa sabulu. Akwai gaskiya a cikin fushinsu, kuma bai kamata a raina ta ba. Al'adar rubuta ƙaramin littafi a gefen babban jeri tsohuwa ce a wannan fage, kuma tana da ƙa'idar da kowa ya sani ko ba a rubuta ba. Da George R. R. Martin ya fitar da The Hedge Knight a 1998, ya koma shekaru da dama baya a duniyar Westeros, amma ya kawo gasar mahaya, da shari'ar takobi, da mutuwar ɗan sarki. The Emperor's Soul na Brandon Sanderson, wanda ya fito a 2012 ya ci kyautar Hugo a 2013, kusan duk a ɗaki ɗaya yake, amma akwai wa'adin kwana ɗari da hukuncin kisa a kan jarumar. Mai saye ya san ƙaramin littafi zai ba shi irin abin da babba ya ba shi, a ƙaramin kwano. Rothfuss ya san ƙa'idar sarai. Asali ma labarin Auri ya fara shi ne don tarin labaran Rogues da Martin da Gardner Dozois suka tace a 2014, da ya ga ya ƙi zama irin abin da ake so, sai ya rubuta musu wani daban a kan Bast, mataimakin Kvothe a masauki.

Inda na rabu da masu wannan ƙorafi shi ne batun cewa babu abin da ya faru. Abubuwa suna faruwa, sai dai da ma'aunin Auri ake auna su, kuma aikin littafin gaba ɗaya shi ne ya sa mai karatu ya ajiye nasa ma'aunin ya karɓi nata. A wurinta kowane abu yana da suna da hali da wurin da ya dace da shi, kuma idan abu ɗaya ya zauna ba a muhallinsa ba, duniya ta karkace. Dokar da ta kafa wa kanta mai tsanani ce: kada ta ɗauki abin da ba a ba ta ba, kada ta tanƙwara duniya don son ranta, ta zama ƙarama. Ta ga zannuwan gado masu laushi a wani tsohon kabad, ranta ya biya, ta taɓa, ta janye hannu tana jin kunyar kwaɗayinta. Wanda ya yarda da wannan doka, ko da na awa biyu ne, zai ji nauyin abin da ya biyo baya. Bargonta ya taɓa ƙasa. A idon kowa wannan ba komai ba ne, a kakkaɓe a rufa. Ita kuwa ta yi ta yawo da shi ɗaki-ɗaki tana neman yadda zai koma daidai, ya ƙi, ta haƙura ta kwana babu shi. Rana ta uku cikin kwanakinta bakwai kuwa babi ne mai jimla ɗaya tak, jimlar da ke shaida cewa kuka ta yi, ba a faɗi dalili ba. Marubucin da ya cika shafi kusan dubu a littafinsa na biyu ya gane cewa a nan shiru ya fi.

Sabulun da aka fi yi wa dariya shi ne wurin da littafin ya fi ƙarfi. Wata dabba ta cinye mata sabulu, alhali wanka shi ne igiyar da take ɗaure yininta da ita. Sai ta tashi haɗa wani daga tushe, kamar yadda mai sabulun salo take yi: ta ƙona itace ta tara toka, ta tace ruwan toka, ta narkar da kitse ta cire dauɗarsa, ta daka gyaɗar ƙamshi. Ana bin ta mataki-mataki, ga yunwa, ga jiri, ga hannu yana rawa. A cikin wannan aiki ne ake gane cewa ta taɓa zama ɗalibar alkimiyya a hannun Malam Mandrag, kuma ta san abin da ya wuce abin da aka koya mata. A cikinsa ne kuma ake ganin yadda mutumin da hankalinsa ke neman kuɓuce masa yake riƙe shi da aikin hannu, ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya tsallake shafukan nan don neman inda za a zare takobi ya tsallake fagen yaƙin da littafin yake da shi. Haka kuma faifan tagullar nan da ta nutse cikin ruwa mai sanyi ta ciro, ta kusa rasa fitilarta a kansa, ta yi ta ɗawainiya da shi tana neman masa wuri: ranar da ya suɓuce mata a matakala ya fashe gida uku, mai karatun da ya biyo ta tun farko sai gabansa ya faɗi.

Ɓangare na biyu su ne waɗanda suka ce sun ga kansu. Masu fama da ciwon maimaita abu da tsara kaya ba don suna so ba, da masu fargabar da ke zuwa ba sallama, da waɗanda aka taɓa cutarwa suka janye daga mutane, da yawa sun karɓi littafin hannu biyu. Labarin bai ambaci sunan wata cuta ba, kuma abin da ya sami Auri a baya an nuna shi ne da ishara kawai, a wurare kaɗan. Wannan kamun kai ya ba mutane masu raunuka daban-daban damar shiga. Ba na shakkar gaskiyar abin da suka ji.

Abin da nake da ja a kansa shi ne yadda marubucin ya shirya fagen muhawarar. A bayanin da ya rufe littafin da shi, ya ba da labarin yadda ya yi niyyar jefa rubutun a akwati, sai Vi Hart, mai shirya bidiyon lissafi, ta karanta ta nuna masa cewa masu son labari na al'ada kullum ana yi musu rubutu, irinta kuwa ba a yi musu. Daga nan ya sadaukar da labarin ga mutanen da ke da ɗan tsagu a ransu. Magana ce mai taushi, na kuma yarda daga zuciya ta fito. Amma ta yi wa littafin katanga ta gaba da ta baya. Wanda bai ji daɗinsa ba an riga an ce masa ai an gargaɗe ka, wanda ya ji daɗi kuma an ba shi shaidar cewa shi mai zurfin ji ne. Sai gardamar ta tashi daga kan rubutu ta koma kan wane iri ne kai. Masoya suna cewa ba don ku aka yi ba, masu suka suna cewa an yi mana wayo, aka bar tambayoyin da suka cancanci a yi.

Ga su kuwa a fili. Harshen littafin yana da zaƙi, a wasu wuraren har ya gundura. Rothfuss yana son jimla mai kari da amsa-amo, yana son kiran Auri 'yar ƙarama mai sauƙin taku, kuma ya maimaita wannan har mutum ya fara jin ana lallashinsa ya so ta. Mace ce baliga, mai ilmi mai zurfi, amma sau da yawa an zana ta kamar 'yar tsana. Na biyu ya fi nauyi. A ƙarshen labarin, da lokaci ya ƙure mata wajen haɗa kyandir ɗin da za ta ba shi, sai ta karya dokarta, ta umarci duniya ta bi son ranta, duniya kuma ta bi. Ma'ana, a cikin wannan duniya Auri tana da gaskiya: kayayyaki suna da sunaye na ɓoye, kuma ita tana jin su. Wannan yana da daɗi a labari, yana kuma ba masu bin jerin abin taunawa game da littafi na uku. Amma ga mai ciwo na gaske, wanda ya san cewa muryar da ke ce masa ya sake wanke hannu ƙarya take yi, labarin da ya mayar da wannan murya baiwa yana iya zama ta'aziyya, yana kuma iya zama zuga. Na uku, kwanakin nan duka da wahalarsu saboda namiji ɗaya aka yi su. Har shimfiɗa ta tanadar masa don ranar da zai karye ya buƙaci mafaka. Littafin da aka yaba da cewa ya ba wata mace ta gefe fili nata ita kaɗai, ya ƙare da ita tana gyara wa jarumi wurin kwana. Ana iya kare wannan a ce ƙauna ce ta mai rauni ga mai rauni, kuma ita ce mai bayarwa a nan. Ana iya ƙin yarda. A nan ne ya kamata a kai ruwa rana, kuma 'yan kaɗan ne suka tsaya a wurin.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa yawancin fushin na bashi ne, siffar labarin ta sami rabonta ne kawai. A 2015 kamfanin Tor ya buɗe sashe na musamman don irin waɗannan matsakaitan littattafai, waɗanda a ƙa'idar kyautar Hugo suke tsakanin kalma 17,500 zuwa 40,000, kuma cikin 'yan shekaru masu karatu suka saba da labarin al'ajabi marar rundunar yaƙi. A 2020 Nghi Vo ta fitar da The Empress of Salt and Fortune, inda aka gina tarihin wata sarauniya ta hanyar lissafa kayan da ta bari a gidan da aka kai ta gudun hijira, wata tsohuwar baiwa tana ɗaukar abu ɗaya-ɗaya tana faɗin abin da ke bayansa. Shi ma labari ne na kayayyaki da mace da shiru. Ya ci Hugo a 2021, ba a kuma yi masa irin wancan bore ba, domin Vo ba ta ci bashin kowa ba, ba ta kuma buɗe littafinta da neman afuwa ba. Rothfuss kuwa, da ya dawo a 2023 da The Narrow Road Between Desires, wato labarin Bast da ya faɗaɗa, ya kawo hira da wayo da barkwanci, duk abubuwan da aka ce na Auri ya rasa, amma tambayar farko da aka tare shi da ita ita ce ina The Doors of Stone.