Rubutun Bayan Mota a Magamar Jibiya: Abin da Direba Ke Faɗi Idan Furfura Ta Fara

Duk motar da za ta ƙetara daga Katsina zuwa Maraɗi sai ta tsaya a Magamar Jibiya, tsayuwar kuwa takan yi tsawo. Kafin jami'ai su duba takardu, su leƙa kaya, a ɗage shinge a nufi Ɗan Isa, wanda ke kan layi ba shi da abin kallo sai bayan motar da ke gabansa. A kan titi kallo ɗaya ake yi wa rubutun bayan mota a wuce. A bakin iyaka kuwa mutum yakan zauna da shi har ya fara tambayar kansa wane ne ya zaɓi wannan magana, kuma me ya same shi har ya zaɓe ta. Na daɗe ina ganin cewa idan aka bi waɗannan rubuce-rubuce a tsanake ana iya kintatar shekarun mai motar, kuma mafi nauyinsu na mutanen da suka taka arba'in ne.

Fasaha ce mai ƙa'idoji masu tsauri. Wurin rubutun bai wuce faɗin katakon baya ko robar da ke tare taɓo ba, don haka maganar ba ta cika wuce kalma biyar ba. Dole na baya ya karanta ta mota na tafiya. Mai motar kuma ba ya ganinta idan yana tuƙi, ya faɗa ne ya juya baya. Daga karin magana ake ɗebo ta, da addu'a, da kirari, da habaici. Manazarta sun daɗe da lura da irinta a wasu wurare: Margaret Field ta tattara na motocin Gana a littafinta na 1960, Olatunde Lawuyi ya yi nazarin na direbobin tasi na ƙasar Yarbawa a 1988. A ƙasar Hausa direba ya sha waƙa, Mamman Shata ya yi wa Bawa Direba, Ɗan Maraya Jos ya yi ta karen mota, amma duk wannan bakin wani ne ke faɗin direba. A bayan mota ne kawai yake magana da bakinsa.

Hanyar da ake bi a kai ga sitiyari sananniya ce. Yaro ya fara da karen mota: wanki, ɗaure tamfol, sa wejin taya a kan tudu, kwana a ƙarƙashin mota yana gadin kaya. Bayan shekaru maigida ya fara sakar masa tuƙi a inda hanya ta miƙe. Daga nan ya sami motar wani yana kai balas, in Allah ya yi masa buɗi ya mallaki tasa. Ranar da makulli ya fara shiga aljihunsa, abin da yake sa a rubuta kusan iri ɗaya ne ko'ina: "Ta Allah ba taku ba", "Allah ya fi ku", "Ku gani ku ƙyale", "Ba ku so, Allah ya so". Akwai wasu mutane a ransa, kawun da ya ce ba zai yi albarka ba, abokin da ya riga shi samu, gidan da suka hana shi aure, kuma da su yake. Ban ga laifinsa ba. Wanda ya shekara goma ana kiransa da "kai yaro" yana da haƙƙin ya ɗaga murya sau ɗaya.

To amma a dubi abin da ya sami wanda aka haifa a Jibiya wajajen 1980. Yana ɗan shekara huɗu gwamnatin soja ta Janar Buhari ta rufe iyakoki a Afrilun 1984, ba a buɗe ba sai Maris na 1986, rufewar ta haɗu da fari, har mutanen ƙasar Maraɗi suka raɗa wa yunwar lokacin suna 'Yar Buhari. Yana karen mota aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, lissafin 'yan canji da na fatake ya juye a dare ɗaya. Ƙuruciyar tuƙinsa ta zo a lokacin da hanya ke ci: gero da masara da siminti da fetur suna hawa arewa, dabbobi da wake da aya suna gangarowa, ga shinkafar waje da taliya da 'yan fito ke bi da su ta barauniyar hanya. Sai ga shi daidai lokacin da yake shirin cika arba'in, a Agustan 2019, an sake rufe iyaka. A Nuwamba aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka. Da aka buɗe iyakokin Illela da Maigatari a Disambar 2020 ba a haɗa da Jibiya ba, ita sai Afrilun 2022. A tsakanin nan, a 2021, matsalar 'yan bindiga ta sa gwamnatin jihar Katsina ta Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka dakatar da kasuwannin dabbobi, aka katse layukan waya. An buɗe ke nan da shekara ɗaya da 'yan watanni sojoji suka kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023, aka sake garƙamewa har Maris na 2024. Shekarun da ya kamata mutum ya gina gida ya aurar da 'ya'ya, wannan tsara ta yi su ne mota na ajiye, batir na mutuwa, taya na tsagewa a rana.

Na taɓa tsayawa wurin wani mai fenti a gefen tasha, ya zuba jan fenti a gwangwanin madara, yana goge burushi a gwiwar wandonsa. Wani direba mai tsilli-tsillin furfura a gemu ya kawo mota ƙirar kanta, ya sayar da babbar motarsa ne ya biya bashi ya sayi wannan. Tsohon rubutun mai ita na farko yana nan, an shafe shi da fari amma ana hango inuwarsa. Mai fenti ya ce, "Alhaji, me za a sa?" Yaron motar ya yi farat ya ce, "Maigida, a sa 'Mun dawo', su san ba mu mutu ba." Direban bai yi masa faɗa ba. Ya ɗan jima yana kallon katakon, sannan ya ce, "Su wa? Kowa ta kansa yake yi. Malam, sa 'Wata rana sai labari'."

Tambayar nan ta "su wa" ita ce kan iyakar rubutun saurayi da na magidanci. Maƙiyan nan da ake yi wa habaici sun ɓace daga bayan motar ɗan arba'in, domin ya ga wanda yake zargi da hassada shi ma tasa motar na ajiye, ya kuma bi gawar wasu daga cikinsu zuwa maƙabarta. Abin da ya rage shi ne lokaci da rabo: "Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo", "Ko da kuɗinka sai da rabonka", "Sannu ba ta hana zuwa", "Duniya makaranta". A nan nake ganin fifikonsa ta fuskar fasaha ma. Kirarin saurayi yana da rai ne muddin mota na gudu. Ranar da aka ɗaure ta da igiya ana ja, rubutun ya zama abin tausayi. Zaɓin magidanci kuwa yana tsayawa a kowane hali. "Wata rana sai labari" lallashi ne ga wanda ya kwana bakwai a bakin shinge, gargaɗi ne ga wanda ya yi lodi uku a mako. Mutumin da ya ga an buɗe an rufe ya koyi zaɓen maganar da ba zai ji kunyarta ba idan zamani ya juya.

Addini ma ya ba wannan shekara matsayi. A arba'in aka fara yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wahayi, kuma aya ta 15 ta Suratul Ahƙaf ta haɗa cikar arba'in da godiya ga Allah, da tuna iyaye, da roƙon shiriyar zuriya. Direban da bai yi zurfi a karatu ba ya ji wannan a wurin tafsirin azumi. Shi ya sa "Addu'ar iyaye" da "Alhamdu lillahi" suke yawa a motocin masu wannan shekaru. Kuma idan na ga "Wani kaya sai amale" a bayan tirela, ba buhunan da ke ciki kawai nake tunawa ba. Mai ita yana ɗauke da tsohuwa mai neman magani, da 'ya mai jiran kayan ɗaki, da marayun ƙaninsa.

Masu raina wannan fasaha sukan ce ai maimaici ne, magana goma ce ke yawo a mota dubu. Gaskiya ne ba direban ya ƙirƙire ta ba, amma haka karin magana take a bakin kowa, gwanintar tana wurin sanin wadda ta dace da kai. Inda nake da ƙorafi daban ne. Haƙuri ya cinye filin har bai bar wa sauran gaskiya wuri ba. Ban taɓa karanta wani abu a bayan mota game da idon da ya fara gaza jure fitilar dare ba, ko ciwon baya, ko hawan jini, ko fargabar hanyar da ake tare mutane da rana tsaka, ko tsufan da ke tafe babu fansho. Ba a kuma taɓa masu yanke hukunci daga Abuja da Yamai, waɗanda sa hannunsu ɗaya ke tsayar da abincin gari guda. Na fahimci dalili: motar da za ta ratsa shingaye da yawa tsakanin Katsina da Jibiya ba ta neman abin da zai ja mata ido. Amma yaron da ke koyon rayuwa daga katakon baya zai iya ɗauka cewa jurewa ce kaɗai darasin, alhali maigidansa ya san wasu: kada ka ci bashi a kan hanyar da ba kai ke riƙe da makullinta ba, ka shiga adashi tun ana samu, ka riƙe gonar gado ko da ta fadamar dam ce kadada guda. Waɗannan a teburin mai shayi ake faɗinsu da dare, ba su da gajartar da za ta shiga katako. Matan da suka manyanta a fataucin wannan iyaka kuwa, masu kai kaya kasuwar Lahadi, ba su da katakon ma sam. Nasu tunanin yana cikin hirar biki da sunayen zannuwa.

Fasahar tana ja da baya. Sitika da ake bugawa da kwamfuta ta fi fenti araha, kuma da hoton malami ko ɗan siyasa ko tambarin ƙungiyar ƙwallo take zuwa, abin da ke nuna ɓangaren da mutum yake ba abin da ya gani a rayuwa ba. Manyan motocin kamfanoni suna zuwa da fentin kamfani, direba ba shi da ikon ƙara ko harafi. Ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta Jibiya zai bi, kuma idan ya fara aiki wani kaso na lodin zai koma kansa. Ɗaliban Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina da takwarorinsu na jami'ar Maraɗi suna da aiki a nan kusa da gida. Jera maganganun a takarda kawai ba zai wadatar ba. Sai an zauna da mai motar an ji shekarunsa, da shekarar da aka yi rubutun, da ko motar tasa ce ko ta wani, da abin da ke wurin kafin ya sa a shafe.