INA MUKA KAI "FAT" DA "WULUK"? SHARHI A KAN FASSARAR KALMOMIN ƘARFAFAWA NA INGILISHI

Abin da ya jawo wannan ɗan sharhi shi ne wani aikin fassara da aka ba mu a aji a zangon karatun da ya wuce. Malaminmu ya kawo wani guntun labari na Ingilishi a kan halin da jama'a suka shiga bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, ya ce mu mayar da shi Hausa. A cikin layi kamar goma akwai kalmomi huɗu da marubucin ya nuna ƙaruwar abu da su, wato "soar" da "intensify" da "escalate" da "heighten". Da aka dawo mana da takardunmu sai ga shi kusan dukanmu, har da ni mai wannan rubutu, kalma ɗaya muka yi ta kirɓa. Farashi ya ƙaru, wahala ta ƙaru, rikici ya ƙaru, fargaba ta ƙaru. Inda muka ga abin bai yi nauyi ba sai mu liƙa masa "sosai" ko "matuƙa" a gindi. Malam bai ce uffan ba, jan biro kawai ya sa ya zagaye kowace "ƙaru", takardata ta koma kamar mai ƙyanda.

Wani abokina ya kare kansa da cewa laifin Hausa ne, wai Ingilishi ya fi ta yawan kalmomi. To, wannan magana ce nake so in ƙalubalanta, domin ba shi kaɗai yake da wannan ra'ayi ba, kuma ra'ayin ya fara yi wa rubutunmu illa.

Ni a Gyaɗi-Gyaɗi nake zaune, kuma ni ake aike cefane kasuwar Tarauni. Tun daga ranar da aka zagaye mini takarda na shiga kasa kunne. Mai tumatir bai taɓa ce mini kayansa ja ne sosai ba, cewa yake ja ne jawur. Mai kayan miya yakan ce kuɓewarsa ɗanya ce shataf, busasshiyar kuwa ta bushe ƙamas. Mai awo ya cika kwano fal, ya ce hatsin sabo ne dal. Wata dattijuwa da aka gaya mata kuɗin man gyaɗa cewa ta yi, "Kai yaro, tsadar nan ta kai intaha." Babu wanda ya yi digiri a cikinsu, amma babu wanda ya rasa kalmar da ta dace da abin da yake nufi. Mu da muke biyan kuɗin makaranta don nazarin harshen mu ne muka maƙale a kan "ƙaru".

A ganina matsalar ta taso ne daga rashin lura da cewa harsunan biyu ba wuri ɗaya suke ajiye ƙarfin magana ba. Bature yakan ɗauko kalma guda mai zaman kanta, kamar "very" ko "extremely", ya ɗora ta a kan fari da baƙi da sabo da tsoho, duk ta hau. Bahaushe kuwa kowane abu da nasa murfin. Fari fat, baƙi wuluk ko ƙirin, kore shar, tsoho tukuf, shiru tsit, ɗaya tak, goma cif. Ba a cewa fari wuluk, kuma wanda ya ce sabo tukuf yara ma sai sun yi masa dariya. Waɗannan su ne amsa-kama, waɗanda masana irin su M. K. M. Galadanci da Paul Newman suka yi nazari a kansu tun shekaru fiye da hamsin da suka wuce. Kada a ce na yi wa Ingilishi rashin adalci, shi ma yana da 'yan irinsu, kamar yadda suke danganta tsananin baƙi da kwalta, tsananin fari da ƙanƙara. Amma a wurinsu 'yan tsiraru ne, a wurinmu kuwa rumbu ne guda. Duk wanda ya buɗe ƙamusun Bargery na 1934 zai ga haka tun bai yi nisa ba.

Amsa-kama ma ba ita kaɗai ba ce. Wani lokaci ƙarfin yana cikin jikin aikatau ɗin kansa. F. W. Parsons, wanda ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai a 1960, ya nuna yadda sauya wasalin ƙarshe yake sauya ma'ana. Yaro ya ci tuwo daban, ya cinye tuwo daban. Ya sha da ya shanye ba ɗaya ba ne. In uwar gida ta ce nama ya dahu, ba ta bukatar ƙara komai, haka wanda aka ce ya bugu ba a tambaya ko dukan ya yi yawa. Ga kuma ninki: an kama ɓarayi, an kakkama ɓarayi, ƙarfi ya ba da ƙaƙƙarfa, zafi ya ba da zazzafa. Sannan ga siffofin nan masu cika baki, ribɗeɗe da shirgege da zungurere da fankameme, waɗanda kowannensu yake faɗin irin girman da ake nufi, ko na jiki, ko na tsawo, ko na faɗi. Mai fassarar da ya ga "very big" ya rubuta "babba sosai" ya bar wannan dukiya duka a ƙasa.

Amma abin da ya fi damuna shi ne kalmomin aiki, don su ne suke cika labaran rediyo da jaridu, kuma a nan kuskure yana iya sauya labari. Hausa tana bambanta ƙaruwar alheri da ta sharri. Kasuwa tana haɓaka, noma yana bunƙasa. Ciwo da yunwa da zafin rana tsananta suke yi. Faɗa yana ƙazanta, sata tana ƙamari, al'amari yana ta'azzara, wuta tana ruruwa, kogi yana tumbatsa, farashi yana hauhawa. Da kunnena na ji a wani gidan rediyo, wanda ba zan ambata ba, ana maganar "bunƙasar garkuwa da mutane". Mai fassarar ya ga kalmar Ingilishi mai nufin girma, ya ɗauko ta farko da ta zo masa, bai lura da cewa ya yi wa masifa kirarin arziki ba. Tsohon da yake saurare a bakin teburin mai shayi zai gane abin da ake nufi, amma kunnensa zai gaya masa cewa wani abu ya karkace.

Haka abin yake a wajen ciwo. Unguwarmu tana maƙwabtaka da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, saboda haka kullum muna tare da masu jinya. Ba su cewa ciwon ya yi yawa su yi shiru. Kai sara yake, ciki murɗawa yake, miki zugi yake, ƙuna raɗaɗi take, kwiɓi suka yake. Ɗalibin da za a kira ya yi tafinta ko ya rubuta takardar wayar da kai a kan lafiya, in "ciwo mai tsanani" kaɗai ya sani, ya tauye mara lafiya, domin kowace kalma a cikin waɗannan tana nuna wa likita hanya.

Sai dai akwai wani ɓangaren da shi ma ya kamata a ja masa kunne, wato masu gudun "ƙaru" da suka faɗa ramin "tashin gwauron zabi". Wannan salon magana ne mai kyau, hoton tsuntsu ne da ya zabura ya yi sama farat ɗaya. Ya dace da abin da kuɗin fetur ya yi a 2023. Amma yanzu ko kwabo aka ƙara a kan ashana sai a ce ta yi tashin gwauron zabi, har gwauron ya gaji da tashi. Haka aka yi wa "ƙara ƙaimi". Ƙaimi na mahayin doki ne, amma ba hukumar da ba ta ƙara shi kullum a bakin masu labarai, ko da kuwa taro kawai ta kira. Na kuma yarda cewa amsa-kama ba ko'ina take shiga ba. Mai karanta labarai in ya ce kasuwa ta ƙone ƙurmus alhali rumfa uku ce ta kama, ya yi ƙarya, ko da Hausarsa ta yi daɗi. Ƙarfin kalma sai ya yi daidai da ƙarfin abin da ya faru.

Magabata sun nuna mana hanya. Da yawa daga labaran Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, Abubakar Imam ya samo su ne daga littattafan Larabawa da na Turawa, amma mai karatu ba ya jin ƙanshin baƙunta a cikinsu, domin ma'ana ya ɗauko, ya bar wa masu harshen kalmominsu. Mu kuwa ƙamus muke buɗewa mu ɗauki ma'anar farko mu rufe. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya fito tun 2006, amma 'yan ajinmu nawa ne suke duba shi bayan sun duba na Ingilishi zuwa Hausa? Ina ba Ƙungiyar Hausa shawara ta sa mu mu tattara irin waɗannan kalmomi daga bakin mutane, a jera kowace da abin da take hawa, a buga a wannan mujalla.

Na sake yin aikin nan na aji don kaina. Farashi ya yi tashin gwauron zabi, wahala ta tsananta, rikici ya ƙazanta. Ta huɗun ce ta ba ni wuya, wato "heighten" da aka haɗa da fargaba. Na rubuta "hankula sun daɗa tashi", na kai wa malam. Ya duba ya ce ba laifi, amma in je in tambayi kakata yadda za ta faɗe shi. Da na tambaye ta sai ta ce, "Ai cewa za ka yi cikin kowa ya ɗuri ruwa."