Baƙaƙe Masu Lanƙwasa: Abin Koyi Daga Turkiyya

A shekarar 1928 Mustafa Kemal ya sa Turkiyya ta bar baƙaƙen Larabci, ta kama na Rumawa guda 29. Cikinsu akwai ç, ğ, ı, ö, ş da ü, waɗanda Ingilishi bai san su ba. Turkawa ba su yar da su don gudun wahalar bugu ba. A 1955 suka tsayar da nasu jerin baƙaƙe na keken rubutu, mai suna F, wanda ya bi su har zuwa kwamfuta. Dalili kuwa, ɗigo ɗaya ke raba kır, watau karkara, da kir, watau dauɗa.

To, Hausa ma haka take. Lanƙwasa ce ke raba kafa da ƙafa, da baki da baƙi, da bata da ɓata. Malaman zaure na unguwannin Dala sun daɗe da sanin wannan, domin a ajami suna rubuta ƙ da ƙaf wau, ɗ kuwa da ɗa mai hannu. A boko, zamanin R. M. East a Zariya, cikin shekarun 1930, aka soma aiki da ɓ, ɗ da ƙ, sa'an nan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fito a 1939, ta yaɗa su. Hukumar Harshen Hausa ta 1955 ta riƙe su.

Amma wanda ya buɗe littattafan Adabin Kasuwar Kano, waɗanda suka bunƙasa tun shekarun 1980, zai tarar da yawansu babu lanƙwasa ko ɗaya. Haka allunan kantuna a Ƙofar Mazugal da Ƙofar Ruwa. Babba yakan gane nufi ta wurin zaren magana. Yaro mai koyo da baƙon harshe su ke shan wuya, su karanta kasa inda aka nufi ƙasa.

Dā masu buga littattafai suna da hanzari, don na'urorinsu na Ingilishi ne. Yanzu hanzarin ya faɗi. Tsarin Unicode ya ƙunshi baƙaƙen nan tun 1991, Windows tana da jerin Hausa, haka Gboard ta wayar hannu. Abin da ya rage shi ne a koya wa masu bugu inda suke, marubuci kuma ya ƙi karɓar aikin da aka sare wa lanƙwasa, kamar yadda malami ba ya karɓar allon da almajiri ya tsallake wa ɗigo.