Kan Sarki da Masana Ilmin Magani: Sharhi a Kan Wanda Aka Tuna da Wanda Aka Manta

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne ta yi sharhi a kan kan sarkin tunawa waɗanda gidan waya na Nijeriya ya buga don girmama masana ilmin magani, sa'an nan ta auna su da tarihin ƙasar Boɗinga da Shagari. Dalilin ɗaukar wannan abu ƙarami a matsayin abin nazari yana cikin sunansa. Bahaushe ya kira shi kan sarki ne domin wanda ya fara gani, cikin 1900, yana ɗauke da kan Sarauniya Biktoriya, na bayansa kuma da kawunan sarakunan Ingila. Watau tun farko mutanenmu sun gane cewa wurin nan na masu mulki ne. Saboda haka duk ran da hukuma ta ɗora kan likita a wurin, ta naɗa shi sarauta ke nan a idon jama'a, kuma ya kamata masu nazari su tambayi dalilin naɗin.

Abin da Aka Buga

Bugu uku za mu duba. Na farko shi ne na 1973, shekarar da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. An buga shi don cikar shekara ɗari da gano ƙwayar cutar kuturta, wadda Dokta Armauer Hansen na birnin Bergen a ƙasar Norway ya gano cikin 1873. Yana ɗauke da fuskar Hansen, kuɗinsa kwabo 20 da ƙarin kwabo 2 na taimako. Na biyu shi ne na 1978, wanda aka yi a kan kawar da agana daga duniya. Na uku shi ne na 1982, zamanin mulkin Alhaji Shehu Shagari, don cikar shekara ɗari da bayanin da Robert Koch ya yi a Berlin ranar 24 ga Maris, 1882, cewa ya gano ƙwayar tarin fuka. Abin da ya fi fitowa a wannan bugu shi ne aikin asibiti, kamar yin allura da bincike da ɗaukar hoton ƙirji.

Abin Yabo

Ba za a musa ba cewa an zaɓi cututtukan da suka dami talakan ƙasar Sakkwato. Kuturta ce ta sa aka kafa zangon Amanawa, kusa da Sakkwato, cikin shekarun 1930. Agana kuwa dattawan Boɗinga da Shagari ba su bukatar a kwatanta musu ita, domin sai cikin 1970 aka ga ƙarshenta a Nijeriya, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar da gushewarta baki ɗaya cikin 1980. Har ila yau, ƙarin kwabo biyun nan na 1973 dabara ce mai kyau, don ta mai da mai aika wasiƙa mai ba da sadaka. Ta fuskar zane kuma, bugun 1982 ya fi na 1973 amfani ga wanda bai yi boko ba. Fuskar Bature mai gemu ba ta gaya wa manomi kome, amma hoton mai yin allura yana gaya masa cewa ciwon nan yana da magani kuma a asibiti ake samunsa.

Abin Suka

Aibi na farko shi ne bin kalandar waje. Dukan bugun uku sun biyo bayan bukukuwan da ƙasashen duniya suka yi tare, don haka Nijeriya ta amsa amshi ne kurum. Ga shi kuwa tana da nata rabo a cikin labarin. A Uzuakoli ta gabashin Nijeriya ne Dokta John Lowe ya nuna, a ƙarshen shekarun 1940, cewa za a iya ba kutare ƙwayar dafson su sha ba tare da ta cuce su ba, in an kiyaye awo. A gabashin ƙasar nan ne kuma, cikin 1966 da 1967, Dokta William Foege da abokan aikinsa suka gwada dabarar bin sawun agana a yi wa na kewaye da majiyyaci lamba, dabarar da daga baya ta taimaka wajen kawar da cutar a Indiya.

Aibi na biyu shi ne shirun da hoto yake yi. Cikin 1879 Hansen ya sa wa wata mata majiyyaciya abin da ya ɗebo daga jikin kuturu a idonta ba da yardarta ba, aka kai shi kotu, ya rasa muƙaminsa na asibiti cikin 1880. Koch ma, cikin 1906 da 1907, ya gwada maganin atoxyl a kan masu ciwon barci a tsibiran Ssese na tafkin Biktoriya, wasunsu suka makance. Wannan bai rage darajar abin da suka gano ba. Sai dai ƙasar Afirka da za ta naɗa su ya kamata malamanta su koya wa ɗalibai labarin dukansa. Katin hoto na gidan waya ya fi kan sarki sarari, don bayansa yana iya ɗaukar layi uku ko huɗu na bayani, kuma a nan ne za a iya rage wannan giɓi.

Aibi na uku shi ne ya fi shafarmu. Wanda ya dubi waɗannan bugu zai zaci ilmin magani a rubuce ya iso ƙasar Hausa ne tare da Turawa. Alhali kuwa tsakanin wajen 1810 da 1815, sa'ad da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake zaune a Sifawa, ƙanensa Malam Abdullahi kuma a Boɗinga, wannan yanki ne cibiyar karatun daular. Malam Abdullahi ya wallafa Masalih al-Insan, inda ya haɗa maslahar addini da ta jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu cikin 1837, ya yi littattafai a kan ɗibbu, har da na ciwon ido da na basur, kuma da Clapperton ya ziyarce shi cikin 1824, likita yana cikin abin da suka yi magana a aiko masa daga Ingila. Mai neman likitan waje alhali shi kansa marubucin magani ne, ya nuna cewa ba ya ƙyamar ilmi ko daga ina ya fito.

Wani zai ce ba a gwada littattafan nan da aikin Koch, domin ba su gano ƙwayar cuta ba. Gaskiya ne, kuma bai kamata kishi ya sa mu kira su abin da ba su ba. Amma kan sarkin tunawa ba lambar gasa ba ce. Cikin 1964 an buga na Herbert Macaulay da Jaja na Opobo saboda matsayinsu a tarihin ƙasa, kuma da wannan ma'auni ne za a auna Bello da Abdullahi. Wani kuma zai ce ba su bar hoto ba, kuma ba a so a ƙaga musu fuska. Amsar wannan ita ce a ɗauki shafi guda na rubutun hannu daga cikin waɗanda ake ajiye da su a Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato ko Gidan Arewa a Kaduna. Shafin ya ishi zama hoto.

Kammalawa

Bugun 1973 da 1978 da 1982 sun yi daidai wajen zaɓen cuta, sun gaza wajen ba da labarinta ta bakin ƙasar da ta buga su. Yau wayar hannu ta karɓe mafi yawan aikin wasiƙa, saboda haka kan sarki ya koma shaidar tarihi, wadda za a karanta bayan mun shuɗe. Shawararmu ga sassan Hausa da na Tarihi ita ce su haɗa kai da masu koyar da likitanci, su fassara littattafan ɗibbun nan zuwa Hausa, su kuma miƙa wa hukumar gidan waya jerin sunaye, daga Muhammadu Bello zuwa Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa. In jami'o'i ba su kawo sunayen ba, kalandar waje ce za ta ci gaba da zaɓa mana.