Kyautar Talla a Rumfar Mai Aikin Hannu

Duk wanda ya taɓa zagaya filin baje kolin Kaduna, wanda ake yi tun 1979, ya san rumfunan da jama'a ke yi wa dafifi: na kamfanonin waya, na bankuna, na masu taliya da madara. Ana kiɗa, ana jefa riguna da biro da kalanda, yara na wawaso. Yanzu masu sana'ar hannu ma sun fara kwaikwaya. Sai ka ga mai sayar da jakunkunan fata ta cika kwando da mariƙin makulli na roba, an buga sunan shagonta a jiki, tana miƙa wa duk mai wucewa.

Ni dai ban ga ribar wannan ba. Kamfanin taliya inji ke yi masa aiki, kuma tun kafin ya kafa rumfa ya ware kuɗin talla. Baduku kuwa jarinsa lokacinsa ne. Fatar jar akuyar Sakkwato da ke hannunsa sai da ta kwana a majema, aka cire gashi, aka jeme ta da bagaruwa, aka shanya, kafin ya rina, ya yanka, ya bi ta da basilla ɗinki bayan ɗinki. Mai ɗinkin hula kan yi makwanni a kan guda ɗaya. Ga kuɗin rumfa, ga na mota, ga na masauki. Wanda ke cikin wannan hali in ya ce zai yi rabo irin na kamfani, kwanakinsa yake rabarwa.

Abin da ya fi damuna ma shi ne darasin da mai saye ke ɗauka. In ka ba mutum ƙaramar jakar kuɗi a banza, ka gaya masa ke nan aikin ba ya da wuya. Gobe in ya dawo ya taya babbar jaka da rabin kuɗinta, ka ce masa albarka, sai ya ga kamar ka tsawwala. Kyautar roba kuwa ta fi muni. Kana kiran mutane su biya kuɗi mai tsoka don hannu ne ya yi, amma abin da za su tafi da shi gida ɗauke da sunanka kayan inji ne da aka saro a kwali.

Akwai inda kyauta ke aiki, ban musa ba. Mai kilishi ya daɗe da sanin amfanin ɗanɗano. Matan Maiduguri masu turaren wuta da humra in sun shafa miki kaɗan a bayan hannu, ƙamshin ne zai dawo da ke. Haka sabulun man kaɗanya. Waɗannan kaya ne masu ƙarewa, ɗan kaɗan ɗinsu daidai yake da mai yawa, kuma wanda ya ji daɗi dole ya sake nema. Jakar fata ba ta ƙarewa a mako.

Abin da ya dace da sauran masu sana'a tuni kasuwarmu ta san shi, wato gyara. Mai awo ba ta ƙara miki hatsi sai an gama ciniki, kuma daga buhunta take ɗiba. To baduku ya tara guntayen fatar da yake zubarwa, ya yi 'yan mariƙan makulli, ya buga lambar wayarsa a baya, ya ba wanda ya sayi takalmi. Marinin Ƙofar Mata ya naɗe zanen da aka saya cikin ƙyallen da ya sha baba. Kuɗin da aka kashe kaɗan ne, wanda ya karɓa ya riga ya nuna yana daraja aikin, kuma duk wanda ya ga abin a hannunsa aikinka na gaskiya ya gani.

Mutum ɗaya ne zan ba kaya ba tare da ya sayi komai ba: ɗan sari. A manyan tarukan baje kolin sana'ar hannu irin SIAO na Wagadugu, da aka fara a 1988, ko SAFEM na mata a Yamai, akwai masu zuwa neman wanda zai riƙa yi musu kaya da yawa. Irin wannan in ya zauna, ya juya ɗinki, ya tambayi guda nawa za ka iya yi a wata, ka ba shi samfur mafi kyau.

Sai kuma sabon yayin nan na "bi shafina na Instagram, ka bar lambarka, ranar rufewa za a fid da ƙuri'a a ba mutum ɗaya jaka". Lambobi za su taru, amma yawancin masu su jakar banza suka biyo, da an sanar da wanda ya ci sai su watse. Wasu ma har sayar da tikitin shiga ƙuri'ar suke yi, kuma a Kano ko Damagaram ba za a rasa mai wucewa da zai tsaya ya tambaye su bambancin wannan da caca ba.