Makaɗa a Rarrabe, Kiɗa Ɗaya: Nazari a kan Faifan Les Paul na 1951

A cikin shekara ta 1951 kamfanin Capitol na Amurka ya fitar da wani faifai mai suna How High the Moon. Wanda ya saurare shi zai zaci taron makaɗa ne da mawaƙa, alhali kuwa mutum biyu ne kaɗai, watau Les Paul, makaɗin jita, da matarsa Mary Ford, kuma a gidan da su ke zaune a birnin New York suka ɗauke shi. Faifan ya yi mako 9 yana kan gaba a jerin mujallar Billboard. Abin da ya sa ya cancanci a sāke dubansa shi ne, wahalar da ya yi fama da ita ita ce ke gaban duk mai ɗaukar kiɗa da kwamfuta a ɗakinsa yau: yaya za a yi kayan kiɗan da ba a kaɗa su lokaci guda ba su tafi tare?

Ga yadda Les Paul ya yi. Mawaƙin nan Bing Crosby ya ba shi rikoda mai tef ta kamfanin Ampex. Sai ya ƙara mata kai guda, domin ta karanta abin da ke kan tef kafin ta shafe shi, ta gama shi da sabon abin da a ke kaɗawa, sa'an nan ta mayar da su kan tef ɗin a haɗe. Wannan dabara tana da haɗari biyu. Na fari, kuskure ɗaya a zubi na ƙarshe yana iya ɓata dukan abin da aka tara. Na biyu, duk zubin da aka ƙara, na farkon sai daɗa dushewa su ke yi. Saboda haka ya kan fara da sassan da ba su da muhimmanci ƙwarai, ya bar manyan sai daga baya.

In aka auna faifan, kyansa yana wajen tafiyarsa. Kowane zubi an kaɗa shi ne ana sauraron hannun ɗan Adam da ya riga ya wuce, don haka in jitar farko ta ɗan matsa, sauran duk sun matsa tare da ita, muryoyin Mary Ford kuma suna zaune daram a kansu. Amma fa yana da aibi, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Zubi na baya yana jin na farko, na farko kuwa ba ya jin na baya. Babu inda wani sashe ya dakata wa wani, ko ya mayar masa da magana. Gwaninta ce ta mutum ɗaya da ya cika fili shi kaɗai, kuma mai sauraro ya kan ji haka ko da bai san dalili ba.

Na'urorin da suka biyo baya sun kawar da haɗarin shafewa. A 1957 Ampex ya miƙa wa Les Paul rikoda mai layi 8, kowane kayan kiɗa da layinsa. Kafin ta yi amfani sai da aka magance wani cikas, domin kan da ke ɗauka da kan da ke karantawa suna da 'yar tazara tsakaninsu, makaɗi ya kan ji tsohon layi a makare, nasa kuma ya faɗi a baya. Maganin da injiniyoyin suka samo, wanda suka kira Sel-Sync, shi ne kan ɗaukar ya riƙa karantawa da kansa. A 1979 Tascam ya fitar da Portastudio mai layi 4 a kan kaset, aikin ya shiga gidajen masu ƙaramin ƙarfi.

Kwamfuta ba ta raba mutane da wannan jinkiri ba. Ta kan yanka sauti gutsure 44,100 a sakan, ta riƙa sarrafa su ƙunshi ƙunshi. In ƙunshin na gutsure 512 ne, jinkirinsa kusan kashi 12 ne cikin 1,000 na sakan, kamar dai makaɗi ya tsaya mita 4 daga gangarsa. Maganinsa shi ne ya saurari kansa kai tsaye daga akwatin da ya jona makirufo, tun sautin bai shiga kwamfuta ba. Har wa yau, in wani ya ɗauka a kan 44,100, aka saka nasa a kan 48,000 ba a juya shi ba, zai yi sauri da kusan kashi 9 cikin 100, muryar kuma ta tashi. Waɗannan duk gyaransu a hannun ma'aikaci ya ke.

Abin da ya fi su wuya shi ne agogon kiɗa, wanda Johann Maelzel ya yi wa rajista a 1815. Yau shi ne ƙyas-ƙyas ɗin da a ke sa wa makaɗi a kunne, kowa ya bi shi daga gidansa, in ya kauce kuma kwamfuta ta jawo bugunsa ta ɗora a kan ma'auni. Lalle yana hana kiɗa watsewa, yana kuma sauƙaƙa yanka da liƙi. Sai dai wanda ya bi shi ya daidaita ne da agogo, bai daidaita da abokin kiɗansa ba. Aibin faifan 1951 ya ƙaru ke nan, kyansa kuwa ya tafi, tun da ya ke hannun da a ke bi ma an cire shi.

A nan ne maganar ta shafi waƙar Hausa, domin yawancin waƙoƙin situdiyo na Kano haka a ke yinsu: a fara zuba kiɗa da fiyano ko kwamfuta, mawaƙi ya hau, amshi ya zo daga baya. Ga waƙar da aka tsara don haka, ba laifi. Amma a dubi ƙungiyar Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ko ta Musa Ɗanƙwairo. A can jagora ne ke ja. Yana iya tsawaita ɗan waƙa don ya ambaci wani da ya shigo, yana iya gajarta shi, 'yan amshi kuwa ba su ƙirga bugu, ƙarshen maganarsa su ke jira. Kalangu da kotso kuma suna bin hawa da saukar kalmomi, makaɗi yana matsa tsarkiya yana saki gwargwadon abin da ya ji an faɗa. In aka zuba irin wannan kiɗa tun ba a yi waƙar ba, an sa ganga ta amsa maganar da ba ta ji ba.

Don haka malamin da ke son ɗaukar irin wannan waƙa da ɗalibansa, in ba dama a tara kowa, ya kyautu ya zaunar da jagora da babban makaɗi wuri ɗaya tukuna, ba agogo, ya ɗauke su tare. A tafa hannu sau ɗaya a farko, domin a sami alamar da za a jera layuka a kanta. Wannan zubi shi za a aika wa 'yan amshi da sauran makaɗa, kowa ya saurare shi har ya san inda jagora ke numfasawa, kana ya ɗora nasa. Bayan an haɗa, kada a bar kwamfuta ta gyara bugun kowa. Ta haka an riƙe abin da ya yi kyau a aikin Les Paul, an kuma sami mutum biyu da suka ji juna tun daga tushe.